Kanwa Uwar Gami: Daga Karofin Garinmu Zuwa Masana'antun Duniya

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Matamaye ya san wajen masu kanwa. Suna zaune bakin buhunansu, sun kasa ta a kan tabarma: ga fara mai gari, ga ja, ga ungurnu mai taurin dutse wadda tsofaffi ke nema idan ciki ya murɗa. Uwargida ta sayi ƴar kaɗan don wake da miyar kuɓewa, makiyayi ya auni tiya biyu don shanunsa su lasa, mai taba gari ya ɗauki ɗan ɓarinsa ya wuce. Muna yara abin da muka ji daga manya shi ne, inda kanwa ta fito gero ba ya tsira, ƙasar ta mutu. Tarihin da zan ba da a nan na yadda aka gano halittu masu rai a cikin wannan ƙasa da muke kira matacciya ne, da yadda waɗansu ƙasashe suka kafa masana'antu a kansu, da kuma yadda kakanninmu suka daɗe suna aiki da ire-irensu ba tare da sun taɓa ganinsu da ido ba.

Kanwar da ke isowa gare mu daga gabas take fitowa, daga kwaruruka da tafkunan ƙasar Muniyo da Mangari, tun daga wajen Gidimuni da Gure har Maine Sorowa. Ita kuwa ungurnu asalinta gabashin Tafkin Cadi ne. Da damina ruwa ya taru a kwari, da rani ya ƙafe, sai farin ɓawo ya fito a kan ƙasa, a share a tara. Fatake sun yi ɗaruruwan shekaru suna ɗora ta a jakuna da takarkarai zuwa Kano da Katsina da ƙasar Nufe, kuma tana cikin kayan da suka raya kasuwannin Damagaram a zamanin Sarki Tanimu, wanda ya yi mulki daga 1851 zuwa 1884. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo a ƙasashenmu da sunan Abdulkarim, ya ratsa Muniyo a ƙarshen 1852, ya ga tafkin kanwa da idonsa kafin ya sauka a Damagaram. Tun a 1851 ya shiga Kano, kuma abin da ya fi ɗaukar hankalinsa a can shi ne saƙa da rini. Ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300.

A kan rinin nan zan ɗan daɗe, don nan ne bakin zaren.

Na riski wani dattijo marini a ƙauyen kakannina, kudu da Matamaye, lokacin da rijiyoyi uku kawai suka rage masa masu aiki. Hannuwansa baƙi ƙirin har gwiwar hannu, faratansa shuɗi, kuma haka ya koma ga Mahaliccinsa da su. Idan zai haɗa rijiya, sai ya cika ta da ruwa, ya zuba baba da aka daka aka busar, ya kawo toka, ya kawo katsi, wato laka ta ƙasan tsohuwar rijiya da aka kwashe aka ƙona. Daga nan sai ya rufe da ɗan murfin kaba ya jira. Kullum da safe ya zo da doguwar muciya ya motsa, ya duba kumfar da ta taso, ya sunsuna, wani lokaci har ya ɗangwala ya ɗanɗana a harshe. Sai bayan kwanaki zai yarda a tsoma zane. Abin da ba na mantawa shi ne yadda farin ƙyalle ke fitowa daga rijiyar kore-kore, kamar ruwan ganye, sannan a gaban idonka, yana shan iska, ya juye ya zama shuɗi. Yakan yi maganar rijiyarsa kamar yadda makiyayi ke maganar saniya: yau tana da ƙarfi, yau ta gaji, waccan ta mutu. Da hunturu kuma yakan ce sanyi ya kama ta, sai an ƙara haƙuri.

Ashe dattijon gaskiya yake faɗa. Shuni ba ya narkewa a ruwa, kuma abin da bai narke ba ba zai shiga cikin zare ba. Waɗansu ƙananan halittu da ido ba ya gani, waɗanda masana ke kira bakteriya, su ne ke zaune a cikin rijiyar suna cin ragowar ganyen baba, kuma a cikin cin nasu suke juya shuni ya koma wani kamanni mai narkewa. Shi ne koren nan da ke shiga zare. Da ya haɗu da iska sai ya koma asalinsa, ya maƙale a ciki. Abin mamakin shi ne ruwan da suke rayuwa a ciki. Masana na da ma'auni da suke kira pH, daga 0 zuwa 14: ruwan sha yana wajen 7, tsami yana ƙasa da haka, kaifin toka da kanwa yana sama. Rijiyar rini tana kaiwa 10 har 11, kaifin da ke hallaka yawancin ƙwayoyin halitta, shi ya sa ma ake wanki da ruwan toka. Su kuwa waɗannan can ne gidansu. Tokar da marini ke zubawa tana korar waɗanda za su ruɓar masa da rijiya, ta bar fili ga masu yi masa aiki. Marinan Ƙofar Mata a Kano suna cewa karofinsu tun 1498 yake, kuma da wannan dabara aka rina turkuɗi da rawanin ɗan Kura da Buzaye ke naɗawa har tsakiyar Sahara.

Ba marina kaɗai ba. Majemi yana jiƙa fata a ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, sannan ya tsoma ta a ruwan da aka jiƙa kashin kaji ko na tattabara, ko ganyen fataka, kafin ya kai ga bagaruwa. Wannan tsomin mai wari shi ke sa fatar jar akuyar Maraɗi da Sakkwato ta yi laushin da ya kai sunanta har Turai, inda aka riƙa kiranta fatar Maroko saboda ta can take biyowa. Haka tsohuwa mai daddawa: ta dafa kalwa, ta surfe, ta wanke, ta sake dafawa, ta zuba a ƙwarya ta lulluɓe da ganye da tsummoki. Bayan kwana biyu ko uku ta buɗe, ta sa hannu ta ji ɗumi, ta ga yauƙi, warin ya bugi hanci. A dukan ayyukan nan uku ma'aikaci ɗaya ne, shi ne abin da ake kira enzayim. Kowace halitta tana ƙera ire-irensa a jikinta, kuma kowanne da aikin da ya iya, kamar ƴan ƙananan wuƙaƙe: wannan ya yanka nama, wannan ya narka mai, wancan ya warware sitaci. Miyau ma yana da nasa, shi ya sa tuwo ke yin zaƙi idan ka daɗe kana tauna shi. Ƙwayar da ke nuna daddawa, mai suna Bacillus subtilis, ba ta kai na rijiyar rini jure kaifi ba, amma danginsu ɗaya, kuma daga wannan dangi ne masana'antar da nake ba da labari ta taso.

A Turai ma daga majema aka fara. Majeman can da kashin kare suke tausasa fata, har akwai talakawan da sana'arsu ke nan, tsintar kashin kare a titi suna sayarwa. A 1907 wani Bajamushe mai harhaɗa magunguna, Otto Röhm, ya fito da wani gari mai suna Oropon wanda ya samo daga wata gaɓar narkar da abinci ta dabbobin da aka yanka, ya maye gurbin ƙazantar. Da ya ga abin ya karɓu, sai ya ce abin da ya ci ragowar nama a jikin fata ai zai ci jini da maiƙon miya a jikin riga. A 1913 ya yi rajistar wannan dabara, aka fito da garin wanki mai suna Burnus, sunan da aka aro daga farar alkyabbar Larabawa. Sai dai garin bai yi ƙarfin da aka so ba. Garin wanki da soda ake haɗa shi, ita kuwa soda ƴar uwar kanwa ce, enzayim ɗin cikin dabba kuma bai saba da irin wannan kaifi ba, sai ya yi sanyi. An kwashe kusan shekara hamsin a haka, har zuwa 1963 lokacin da kamfanin Novo na ƙasar Denmak ya shigar da Alcalase kasuwa, wanda aka samo daga wata Bacillus. Daga nan masu sabulu suka gane inda za su nema: halittar da ke zaune cikin kaifi, kayan aikinta ma masu jure kaifi ne.

Mutumin da ya buɗe wannan ƙofa gaba ɗaya ɗan Japan ne, Koki Horikoshi. Kafin shi, masu binciken ƙwayoyin halitta suna shirya musu abinci a ɗakin gwaji daidai da abin da jikin mutum ke so, ba tsami ba kaifi, don haka waɗanda ke son hakan kawai suke gani. A 1968 Horikoshi ya zuba soda kashi ɗaya cikin ɗari a abincin, ya barbaɗa ƙasar da ya ɗebo daga harabar cibiyar da yake aiki, ya bari. Faranti suka cika da halittun da ba a taɓa rubuta sunansu ba. Idan mutum ya cire farar riga da kwalabe, abin da ya yi bai wuce abin da marini ke yi da toka ba. Shi da kansa ya nuna cewa marinan Japan, masu rina shuni da ruwan toka kamar namu, sun daɗe suna aiki da waɗannan halittu, kuma tun wajen 1960 waɗansu masana biyu, Takahara da Tanabe, suka ware ƙwayar da ke juya shuni daga kayan rinin ƙasarsu. Abin lura a nan shi ne Japanawa ba su raina karofinsu ba, sun shiga da kwalba sun ɗebo.

Amfanin ya fito fili a 1987, da kamfanin Kao ya fito da garin wanki mai suna Attack. A cikinsa akwai enzayim daga wata Bacillus mai son kaifi, wanda ke shiga tsakanin silin auduga ya sassauta shi, dattin da ya maƙale a ciki ya fito. Cokali ɗaya ya yi aikin da a dā sai an cika kofi. Yau yawancin manyan garin wanki na duniya suna ɗauke da ire-iren waɗannan, haka masana'antun fata da na takarda da na saƙa. Yarinyar da ta sayi ƙullin omo a shagon unguwa ta jiƙa rigar lakwal ɗin ƙanenta da ta sha manja, ta dawo ta tarar tabon ya saki, akwai yiwuwar jikokin wannan binciken ne suka yi mata aikin.

A daidai waɗannan shekaru wani labarin yana tafiya a Amurka, shi kuma ta wajen zafi. A gandun Yellowstone akwai maɓuɓɓugai da ruwansu ke fitowa yana tururi. A 1966 wani malamin jami'a, Thomas Brock, da ɗalibinsa Hudson Freeze suka ɗebo samfuri daga ɗaya daga ciki, suka sami ƙwayar da ta fi jin daɗi a zafin digiri 70, zafin da zai saɓule fatar hannu. A 1969 suka wallafa labarinta da sunan Thermus aquaticus, Brock kuma ya ajiye irinta a wata ma'ajiyar ƙwayoyi inda kowane mai bincike zai iya nema. Ba wanda ya san za ta yi wani amfani. A 1976 aka ware daga jikinta enzayim mai kwafar DNA, wato rubutun gado da ke cikin kowace halitta. A 1983 Kary Mullis na kamfanin Cetus ya ƙirƙiro dabarar da ake kira PCR, wadda ke ɗaukar ɗan guntun DNA ta ninka shi sau biyu, sau huɗu, sau takwas, har a zagaye talatin ya kai kwafi kusan biliyan ɗaya. Matsalar ita ce kowane zagaye sai an ɗaga zafi zuwa wajen digiri 95, enzayim ɗin da suke da shi kuma ya mutu, sai ma'aikaci ya tsaya yana ɗiga sabo da hannu. Da suka gwada na ƙwayar Brock, wanda aka gajarta sunansa zuwa Taq, sai ya jure. Injin ya koma yin aikin shi kaɗai. A 1991 kamfanin Hoffmann-La Roche ya sayi haƙƙin dabarar a kan dala miliyan 300, a 1993 Mullis ya karɓi lambar Nobel, gandun da aka ɗebo ƙwayar kuwa bai sami ko sisi daga cinikin ba. Lokacin da korona ta shigo Nijar a watan Maris na 2020, samfuran da aka riƙa kaiwa cibiyar CERMES a Yamai da wannan dabara aka auna su.

Ɓangaren da ya fi shafarmu ya faru a nahiyarmu. A ƙasar Kenya akwai tafkunan kanwa, irin su Bogoriya da Nakuru da Magadi, waɗanda kaifin ruwansu ya kai na rijiyar rini. Masana daga jami'ar Leicester ta Ingila, ciki har da William Grant, tare da ma'aikatan wani kamfanin Holan, sun ɗebi samfura a can a farkon shekarun 1990. Daga baya kamfanin Genencor na Amurka ya gaji waɗannan samfura, ya fitar da enzayim biyu zuwa kasuwa: Puradax na garin wanki, da IndiAge Neutra na koɗar da wandon jins. Shi jins da shuni ake rina shi, kuma a dā da duwatsu ake wanke shi a manyan injuna don ya yi kamar ya tsufa, sai enzayim ya karɓi aikin. A 2004 hukumar kula da namun daji ta Kenya ta fito ta ce an ci riba da dukiyar ƙasar ba a ba ta komai ba, ta ce za ta bi haƙƙinta a kan Genencor da kamfanin Procter & Gamble. Genencor ya musanta, ya ce da izini aka ɗebi samfuran. Duk da haka kan mage ya waye. A 2007 hukumar ta ƙulla yarjejeniya da kamfanin Novozymes a kan biyan kaso da horar da ƴan ƙasa, kuma daga baya wani ɓangare na kuɗin ya isa ga mutanen da ke zaune a gefen Bogoriya. Irin wannan rigima ce ta sa ƙasashen duniya, bayan yarjejeniyar Riyo ta 1992, suka zauna a birnin Nagoya na Japan a 2010 suka tsara cewa ba a ɗibar halittun wata ƙasa sai da yardarta, kuma riba a raba, har da al'ummar da ilminta na gargajiya ya nuna hanya. Ta fara aiki a watan Oktoba na 2014, kuma Nijar na cikin ƙasashen da suka amince da ita.

Kada a ce Kenya ta yi nisa. A tafkunan kanwa na Kanem, inda ungurnu ke fitowa, matan Kanembu sun daɗe suna tace wani koren gansakuka suna shanya shi a kan rairayi, su yi miya da shi, suna kiransa dihe. A tsakiyar shekarun 1960 wani masanin tsirrai ɗan Beljiyam, Jean Léonard, ya ga curinsa a kasuwar Fort-Lamy, wato Injamena ta yau, ya bincika. Shi ne sifirulina da ake nomawa yanzu a Amurka da Sin da Indiya, ake sayarwa a kwalabe da tsada.

Mu kuwa a daidai lokacin da duniya ke shiga irin waɗannan wurare tana ɗiba, namu rufewa suke yi. Tun 1897 kamfanin BASF na Jamus ya fara sayar da shunin da aka haɗa a masana'anta, atamfa da yadin kanti suka biyo baya, kuma marinin yau da garin kanti da soda yake rini a cikin rabin ganga, a gama cikin awa guda. Ba na ganin laifinsa, yana da iyali, kuma mai saye ba ya jiran kwana bakwai. Amma rijiyar da aka yi shekara ɗari ana haɗawa, ana mayar mata da katsinta, bangonta ya sha shuni da toka, ta tara zuriyar halittun da suka saba da ruwanmu da babanmu da zafin ƙasarmu. Rijiyoyi ukun nan na dattijon ƙauyenmu, bayan rasuwarsa da juji aka cike su. Na tsaya a wurin bara, ba abin da ya rage sai da'irar bakinsu a ƙasa, awaki na kwance a kai. Abin ya yi mini ciwo, don an binne abu biyu a rami ɗaya, halittun da kuma sanin yadda ake kiwonsu.

Abin da ya rage mana ba kaɗan ba ne. Kwarurukan kanwa na Muniyo da Mangari suna nan. Ramukan gishiri na Bilma da Fashi da Tegidda suna nan, kuma an san irin wannan ruwa mai tsananin gishiri yana da nasa mazauna, waɗanda sau da yawa su ke ba shi jan launi. Akwai ruwan zafi na Tafadek a duwatsun Abzin. Akwai majemun Damagaram da Maraɗi, akwai karofin Kano da sauran ƴan rijiyoyin da ke numfashi a ƙauyuka. Mai son enzayim da zai yi aiki a kaifi da zafi da gishiri a lokaci guda, irin wanda majema da masaƙu ke buƙata don rage gubar da suke zubarwa a magudanai, irin waɗannan wurare yake nema. Aikin farko kuma bai fi ƙarfinmu ba: kwalabe masu tsabta, faranti, ɗan abincin ƙwayoyi mai kanwa a ciki, firji mai wuta da ba ta yankewa, da littafin da za a rubuta wuri da rana da sunan mai rijiya.

Don haka kirana ga malamai da ɗaliban jami'o'inmu na Damagaram da Maraɗi da Yamai, da ƴan uwansu na Kano da Zariya da Sakkwato, su je wurin tsofaffin marina da majema tun suna raye, su durƙusa su gaishe su, su nemi izini, su ɗebi ruwan rijiya, su rubuta yadda ake haɗa ta daga bakin masu ita. Hakimai da masu gari na ƙasar Kance da Magarya kuma, idan baƙo ya zo da kwalabe yana son ɗibar ruwan tafki ko lakar karofi, a karɓe shi da mutunci, amma a tambaye shi takardar izinin hukuma, a kuma rubuta abin da gari zai samu kafin ya tsoma kwalbar farko.